Dashen Albasa a Bayan Raƙumi

Ni ba mutumin tafiya ba ne, kowa ya san haka a Wurno. Daga gida sai fadama, daga fadama sai masallaci. Ranar kasuwa in leƙa Goronyo ko Gandi, in dawo kafin la'asar, don tuwon da ba na gidanmu ba bai cika zauna mini a ciki ba. Amma sau ɗaya na yi wata tafiya, wadda har yau in na ɗauko labarinta mai ɗakina takan ce wa yara, "To, ku aje aiki, an shiga hamada."

Shekarun farko ne da aka fara sako mana ruwan dam ɗin Goronyo. Mu da muka tashi muna jan ruwa da jigo har tafin hannu ya yi kanta, sai ga ruwa yana biyo kwata da kansa har bakin fangali. Ba mu jima ba muka raina shi. Mutum zai buɗe wa albasarsa ruwa, ya tafi salla, ya tsaya hira, ya dawo ya tarar ya malale har gonar maƙwabci, a yi dariya a wuce.

Akwai wani dattijon malami, Buzu, mai zawiyya, wato wurin karatu da ibada, can arewa da Abalak a ƙasar Nijar. Duk shekara yakan zo ziyara Wurno, kuma a zauren Baba yake sauka. A wannan shekarar ya zo a rame. Fari ya cinye musu dabbobi. Mutanen da ke zaune wurinsa suna karatu, su da iyalansu, ba abin da ya rage musu sai rijiya ɗaya da ba ta ƙafe ba, da 'yan raƙuma. Baba ya zagaya da shi fadama. Malam ya daɗe a tsaye yana kallon albasa, sannan ya ce da za su samu irin wannan a gindin rijiyarsu, da sun samu abin kaiwa kasuwa su karɓo gero.

Baba bai shawarci kowa ba. Ya ce, "Bana, Malam, ba baɗi ba. Zan aiko maka da dashe, in aiko maka da mai dasawa."

Ga inda wuyar take. Lokacin zuba iri ya riga ya wuce. In ana son su ci albasa a wannan shekarar, sai dai a kai musu dashe, wato 'yan ƙananan da aka rena har suka kai tsawon ɗan yatsa biyu, a cire su da saiwarsu a tafi da su da rai. In suka mutu a hanya, shekarar ta tafi wa mutanen nan, maganar Baba kuma ta faɗi ƙasa.

Na ce, "Baba, wa za ya kai?"

"Kai mana. Wa yaf fi ka sanin albasa gidan ga?"

"Ban taɓa wuce Illela ba."

"To, yanzu za ka wuce."

Malam ya riga ni tafiya don ya sa a gyara wuri. Bayan mako biyu na cire dashen da sassafe, na datse kan ganyen, na ɗaɗɗaure shi ƙulli-ƙulli, na nannaɗe cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, na cika kwando biyu. Na haɗa da kalmena, wato 'yar fartanyata, da ƙullin iri na baɗi.

A tashar Ƙonni direba ya ɗaga bakin buhun ya leƙa, sai ya ƙwala wa mutane kira. "Jama'a, ku zo ku ga mutumin Najeriya ya kawo muna albasa! Bawan Allah, ba ka ji labarin albasar Galmi ba? Ga ta nan kusa."

Na ce, "Taku taku ce. Wagga ta gidanmu ce, kuma ita Malam yag gani."

Kwana biyu muka yi a mota, ta Tawa har Abalak. Duk inda aka tsaya akwai rijiya ko famfo, sai in cika buta in yayyafa wa buhunan, safe da rana da yamma. Dashena yana nan shar, ni ma hankalina kwance.

A Abalak na tarar da wanda Malam ya turo ya yi mini jagora, ɗan ƙanwarsa, dogon mutum wanda idanunsa kaɗai nake gani ta cikin rawani. Raƙuma uku ya zo da su, da salka huɗu cike da ruwa. Ya ce tafiyar kwana uku ce. Bai tambayi sunana ba, tun daga nan ya raɗa mini "mai albasa". Hawan raƙumin ba zan tsaya ba da labarinsa ba. Abin da zan ce kawai, lokacin da ya miƙe da ƙafafun baya na yi kalmar shahada da ƙarfi, har matan da ke sayar da cuku a gefe suka riƙe ciki.

Da muka bar gari sai duniya ta buɗe. Tudun rairayi bayan tudun rairayi, ja-ja, wani ya fi ginin masallacin Juma'a tsawo. Ni da kunnena ya saba da kukan kwaɗi da ƙarar injin ban-ruwa, a can ba na jin komai sai tafin raƙumi yana nutsewa a rairayi yana fitowa, da ruwa yana kaɗawa cikin salka. Jagoran yakan dubi wani tudu da ni ban ga bambancinsa da sauran ba, ya karkata akala, mu bi.

Duk inda muka sauka sai in yi abin da na saba. In kwance bakin salka, in cika buta, in yi alwala cikakkiya har da wanke wuya, in sake cikawa in jiƙa buhunana. Shi kuwa yakan koma gefe ya dafa rairayi ya yi taimama. Har na ce a raina, Buzaye da son sauƙi, ga ruwa amma mutum yana taimama.

Rana ta biyu da azahar ya ɗaga salkar da nake ɗiba, ya jijjiga ta. Ya ɗaga ta kusa da ita. Sai ya juyo ya kira ni.

"Mai albasa, taho nan. Wa yash sha ruwan ga?"

"Ba sha anka yi ba. Yayyafi na yi."

"Yayyafi."

"E. In buhun ya bushe, dashen mutuwa za ya yi."

Ya janye rawanin daga bakinsa, ran nan na fara ganin fuskarsa. "Ruwan yini guda da rabi na mutum biyu ka ba ciyawa."

"Ba ciyawa ba ce, albasa ce."

"Tana salla? Tana da uwa da ke jiranta gida? In raƙumi yag gurɗe ƙafa muka ƙara kwana, albasa za mu sha?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Tunda aka haife ni ban taɓa sanin ana auna ruwa da yawan bakin da za su sha ba. Ya ɗauko wani ɗan ƙoƙo ya nuna mini. Ya ce daga yanzu uku nawa a yini, uku nasa. "Naka ne. Ka sha, ko ka ba 'ya'yanka." La'asar ɗin ran nan na yi taimamar farko a rayuwata. A karatu na san ta, amma sai da na saci kallonsa kafin na yi daidai.

Ƙoƙo ɗaya na sha, biyu na ba dashen. Bai yi amfani ba. Kafin mu haura tudu biyu iska ta shanye shi, buhun ya koma kamar ƙirgi. Na buɗe kwando na ga na gefe-gefe sun yi laushi kamar zare. Leɓena ya tsage, harshena ya yi nauyi, amma ba shi ke damuna ba. Fuskar Baba nake gani, da bakin da zan buɗe in ce masa na kai wa Malam busasshen lawashi.

Da yamma muka iso wani kwari mai 'yan itatuwan ƙaya. Tantin fata guda biyu, da awaki da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Nan mahaifiyar jagoran take zaune. Aka yi gaisuwa doguwa, aka ɗora shayi, aka miƙo mini nonon raƙumi a akushi. Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, ɗanta ke fassarawa. Ta ƙura mini ido ta tambaye shi ko baƙon ba shi da lafiya.

Ya ce mata, ya kuma maimaita da Hausa don in ji, "Shayarwa yake yi, Inna. 'Ya'ya dubu gare shi cikin kwando."

Ta yi dariya har ta dafa ƙasa. Sannan ta ce a kawo kwandunan. Ta sa hannu ta taɓa buhun, ta tambayi inda nake ɗaure su. Na ce can saman kaya, don kada su murƙushe. Ta yi tsaki. Ta kama hannun rigata ta ja ni bayan tanti, inda salkarta ke rataye a inuwa. Ta sa tafina a jikin fatar. Sanyi ƙalau, da danshi. Ta nuna ƙasan salkar, rairayin wurin ya yi duhu, a nan ta binne 'yar ƙwaryarta ta mai don kada ya narke.

Ɗan ya ce, "Ta ce salka zufa take yi dare da rana, ko ka so ko ba ka so ba. Wannan ruwan ba na kowa ba ne. Shi za ka ba su."

Muka zauna ni da ita muka juye kwandunan. Nan kuma nawa sanin ya yi rana. Na bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ina murza gindin kowane da yatsa. Mai tauri in aje dama, wanda ya lanƙwashe in jefa hagu. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Awaki suka yi rububinsa, tsohuwar ta ce gobe nononsu zai yi warin miyar Hausawa. Sauran na ƙara datse musu ganye don su rage shan iska. Ita kuma ta shimfiɗa buhun, ta jera ƙullin da saiwarsu ciki, ta naɗe shi a jikin cikakkiyar salka kamar goyo, ta ɗaure da igiyar fata, ta rufe da tsohuwar tabarma. Ta ce a rataye a gefen raƙumin da rana ba ta duka, in rana ta juya mu ma mu juya shi.

Washegari na shanye ƙoƙona uku ban bar ɗigo ba. Ina tafe ina sunkuyawa ina cusa hannu ƙarƙashin tabarmar, in ji shi da sanyi kamar gindin randa. Jagoran ya ce in na ƙara sunkuyawa na faɗo, ba zai tsaya ɗaukata ba, albasar kawai zai kai.

Zawiyyar tana tsakanin manyan tuddai biyu. Ɗan masallacin laka mai gajeren soro, da ɗakuna ƙanana a jere, da dattawa zaune a inuwa kowa da littafi a cinya. Ba hayaniya, sai gunjin karatu ƙasa-ƙasa da kukan ƙarfen rijiya in raƙumi yana jan guga. Malam ya fito ya rungume ni, ya kai ni in ga wurin da suka gyara. Sun share fili fetal kamar za a shuka gero, rairayi zalla. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ko kogin Rima aka juye masa, shanyewa zai yi."

Kwana biyu muka yi muna ɗebo laka daga wani kwari da ke kusa, muna haɗa ta da kashin raƙumi da na awaki. Na yanka fangali goma sha biyu, ƙanana, kowane guga uku ya ishe shi. Ni da karatuna bai yi nisa ba, sai ga ni tsaye a kan masu farin gemu waɗanda suka haddace littattafai, ina cewa, "A'a Malam, ba haka ake riƙon kalme ba," suna cewa to. Da yamma muka dasa.

Kwana uku dashen yana kwance a ƙasa kamar an taka shi. Na gaya musu haka yake yi, amma ni kaina ban taɓa dasa wanda ya yi mako a hanya ba. Rana ta huɗu ganyen ya koma rawaya. Wani daga cikin dattawan ya tsaya a kai ya yi salati a hankali. Jagoran ya zo gefena ya ce, "Mai albasa, a tara mutane a yi musu sutura?" Abinci ma ran nan ban iya ci ba.

Rana ta biyar bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, na durƙusa a bakin fangalin farko na ɗaga wani mataccen ganye da farce. A tsakiyarsa ga wani ɗan tsiro kore, tsaye, siriri kamar allura. Na duba na kusa da shi, akwai. Na bi layin da rarrafe har ƙarshe. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, a wurin da ba a ɗaga murya. Malam ya zo, aka riƙe shi ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa, ya kai fuskarsa kusa da ƙasa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya buɗe hannu ya yi wa Baba addu'a, jama'a suna amin.

Na ƙara mako uku ina nuna musu cire ciyawa, da lokacin da ake janye ruwa kafin a tone, da yadda za su zuba irin da na kawo in lokacinsa ya yi. Sannan jagoran ya maido ni Abalak.

Da na iso gida na tarar da Baba a zaure. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Ta kama?"

"Ta kama, Baba."

"Duka?"

"Fangali tara cikin sha biyu."

Ya gyaɗa kai ya ce in shiga in ci abinci. Baba ba ya yabon ɗansa a gabansa, ban kuma sa rai ba. Amma da aka idar da la'asar muna fitowa, sai na ji muryarsa a bayana yana gaya wa liman, da ƙarfin da na sahun baya ma za su ji, "Yaron ga ya kai albasa inda raƙumi ka jin ƙishi, kuma ta kama." Na sunkuya ina ta neman takalmina, alhali yana ƙafata.