Anti Mai Rakiya

Asalinta ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin ɗinkin rauni. A can ta gaji da jin magana ɗaya daga bakin mata daban-daban: "Santsi ne ya kwashe ni a banɗaki." Wata rana tana ɗinke wa wata mai ciki gira, ta ce, "Baiwar Allah, banɗakin naku har zobe yake sawa?" Matar ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ba a daɗe ba aka dawo da ita a lulluɓe. A satin nan Anti ta ajiye aiki.

Ta kama ɗaki a bayan shagon wani mai gyaran fanka, ta shimfiɗa katifu, ta sa benci. Duk macen da ta gudo, ita ke raka ta asibiti, ta raka ta wurin 'yan sanda, ta raka ta kotu. Haka sunan ya bi ta: Anti Mai Rakiya. 'Yan sanda kuwa da sun hango ta sai su ce, "Ga uwar rigima nan." Yayanta ya daina gaishe ta, wai kashe auren mutane take yi.

Shari'ar da ta fi sa rai a kanta ita ce ta wata malamar firamare da miji ya karya wa hannu. Likita ya yarda zai ba da shaida, maƙwabciya ma haka. Ranar zaman kotu sai ga malamar tare da mahaifiyarta.

"Mun gode, 'yar nan," in ji tsohuwar, "amma mun sasanta a gida."

Anti ta dubi malamar. "Ƙanwata, ke kika ce ko su suka ce?"

"Anti, yarana suna hannunsa. In na fito, ina zan kai su?"

Ɗakin Anti ya riga ya cika, har a ƙarƙashin benci ana kwana. Bayan wasu watanni ta hango malamar a tasha sanye da baƙin tabarau, ga hadari ya rufe rana. Malamar ta kau da kai.

Yanzu gwiwoyin Anti sun gaji. 'Yan matan da ke taya ta sun watse neman abin kansu, mai gidan da take haya kuma ya ce zai rushe ginin ya yi shaguna. 'Yarta kullum sai ta kira: "Umma, ki dawo wurina ki huta mana. Me kika gyara?" Sai Anti ta tambayi lafiyar jikoki.

Da safen nan ma tana barandar kotu da wata sabuwa, mai kumburarren leɓe.

"Anti, za a yi mini adalci kuwa?"

Anti ta gyara mata mayafi. "Sha ruwa tukuna. Yanzu za a kira mu."