Lambar Motar Kawuna

A lokacin da abin nan ya faru ni matuƙin jirgin ruwa ne mai inji a Wara, ina ɗauko mutane da kifi da buhunan gero daga ƙetare zuwa bakin kasuwa. Shekarata talatin da 'yan kai, ina da mata da 'ya'ya biyu, ina kuma fama da wani ciwo guda: son a gani. Idan na ɗinka sabuwar riga sai na ratsa kasuwa sau biyu ko ba ni da abin saye. Na rubuto muku ne domin wannan ciwon ya taɓa kai ni inda ban zata ba, kuma saura ƙiris ya ja wanda bai ji ba bai gani ba.

Kawuna, yayan Innata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Shi Kirista ne, dattijon coci, mu kuwa Musulmi, amma a gidansa na yi azumina na farko, shi ya sayo mini kankanar buɗa baki. Ya yi shekaru yana jigilar busasshen kifi a wata farar akori-kura tsakanin Wara da Yelwa da Kontagora. Bai tara dukiya ba, abu ɗaya yake tinƙaho da shi: ƙafarsa ba ta taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, ko da a matsayin shaida. Da idonsa ya yi rauni sai ya ajiye tuƙi, motar ta zauna a kan duwatsu a gindin mangwaro, kaji suna yi mata ƙwai a kujera.

Shi ya koya mini tuƙi, har na yi lasin. Da Allah ya hore mini, sai na yi niyyar sayen tawa akori-kurar. Wani abokina direban tasha ya haɗa ni da dillali a Ilorin, mai wata shuɗiyar mota 'yar Kwatano, takardun kwastam ɗinta cif, sai dai ba a taɓa yi mata rajista ba, ba ta da lamba. Dillalin ya ce in ba shi kwanaki a yi komai bisa ƙa'ida. Ni kuwa na riga na ƙudura cewa ranar kasuwar Wara zan shigo da ita, ina hon, kowa ya miƙe ya duba. Abokin nawa ya yi dariya ya ce ai abin ba wuya, aron lamba ake yi a ɗaura, in an iso gida a cire, kowa haka yake yi. Ranar Lahadi da hantsi, Kawu yana coci, na shiga gidansa da sukudireba na kwance lambobin tsohuwar motarsa, na zaro takardunta daga aljihun gaba. Na gaya wa mutanen gida Kontagora za ni sayen kayan inji.

Ni da abokin nawa mun ɗaura wa shuɗiyar motar lambobin Kawu, muka baro Ilorin da sassafe, ni a kan sitiyari, kaina ya fi motar girma. Mun haye gadar Jebba lafiya. Gaba kaɗan da Mokwa aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in da ya karɓi takardun mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya dubi takarda, ya dubi mota, ya tambaye ni yaushe farar mota ta koma shuɗiya. Ya sa na buɗe gaban mota, ya karanta lambar inji, ko harafi ɗaya bai zo daidai ba. Aka wuce da mu ofis, ya zaunar da ni ya ce tambaya ɗaya zai yi mini: mai sunan da ke jikin takardar nan ya san an ɗaura lambarsa a wata mota? In ya sani, laifin na mutum biyu ne, dole ya zo da ƙafarsa ya yi bayani.

Abokina ya ja ni gefe yana raɗa mini cewa in ce Kawu ne ya ba ni. Wai tsoho ne, da an ga furfurarsa za a tausaya a sallame mu, amma in na ce ɗauka na yi ba da saninsa ba, na rubuta wa kaina sata da hannuna. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Na yi shiru, shirun da har yau nake jin kunyarsa. Da jami'in ya ga na ƙi magana, sai ya karɓi lambar wayar Kawu a wurina, ya kira, ya buɗe murya kowa na ji. Ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Sai na ji muryar nan ta Kawu ta ce, "Ni nab ba shi, yallaɓai. Ku bar ɗan ga, gobe ina nan tahe."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa jami'in tsohon nan ba gaskiya yake faɗa ba, rufa mini asiri yake yi, ni na shiga gidansa na kwance lambar yana coci. Kawu ya daka mini tsawa ta waya ya ce in rufe masa baki. Na ce a tambaye shi a wane gari na sayo motar, kuma wane launi ce. Jami'in ya tambaye shi. Kawu ya ce Kontagora, launi kuwa ya ce fara. Jami'in ya yi masa godiya cikin ladabi, ya ce Baba ya yi zamansa a gida, ba a bukatarsa. Tun da nake ban taɓa musa wa Kawu magana ba, ranar kuwa a gaban baƙi na ƙaryata shi, ina yi hawaye na zuba.

Na rubuta bayani da hannuna, na sa hannu. An kai ni gaban alƙali, na amsa laifina, aka ci ni tara, aka riƙe lambobin Kawu da takardunsa, motar ta zauna a harabar ofis tana shan rana. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ta sake zagayowa har sau uku. A cikin makonnin nan na yi zirga-zirgar da nake gudu tun farko, har da ƙari: takardar ciniki da sa hannun dillali da shaidu, rajista da sunana, inshora, takardar lafiyar mota. Kowace na karɓa sai na karanta ta harafi-harafi. Da na ɗauko motar, na wuce shingaye da dama tsakanin Mokwa da gida, kuma a kowanne ni ke riga jami'i miƙa takardu, zuciyata wasai.

Na shigo Wara wata ranar da ba kowa a bakin hanya sai awaki. Kai tsaye na wuce gidan Kawu, na durƙusa. Inna tana wurin, ta wanke ni tas, ta ce ban gaji halin nan a wurin ubana ba. Kawu ya bar ta ta gama. Sannan ya tashi ya lallaɓa ya shafa sabuwar lambar da tafin hannunsa, ya tambaye ni sunan wa ke jiki. Na ce nawa. Ya gyaɗa kai ya ce shi dai ƙarya ɗaya ya taɓa yi wa hukuma a duniya, ita ma ɗan banzan yaron nan bai bari ta kai ko'ina ba. Yana faɗa yana dariya, amma na ga yana goge ido da bakin riga.

Ga duk wanda zai je wata jiha ɗauko mota, ina roƙonsa ya yi haƙuri ya gama takardunsa kafin ya tayar da inji. Kada wani ya ruɗe ka da cewa kowa haka yake yi. Lambar da za ka ara sunan wani ne a jikinta, kuma ran da abu ya ɓaci shi za a kira, wataƙila ma ya amsa laifin saboda ƙaunar da yake yi maka. Ni na sa dattijo mai furfura ya yi ƙarya domina, kuma wannan har gobe ina neman gafarar Allah a kansa. Amma da ya miƙo mini ƙaryar nan don in tsira, ban karɓa ba, kuma ko a gaban 'ya'yana ina faɗar haka da ƙarfi.