Baba Ya Shiga Rumbu, Aka Tafi Da Ilu

Bana shekara arba'in ke nan da muka binne mahaifina a ƙauyenmu da ke gefen Taura. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, don haka a yi haƙuri da bakin tsohuwa.

Baba yana saurayi Turawa ba su daɗe da zuwa ba. A lokacin, in an ce za a rubuta sunaye, to aikin tilas ne. Rannan mai rubutu ya iso, Baba ya faɗa rumbu ya lulluɓa da dawa. Dagaci ya ce dole gidan ya ba da mutum guda, sai aka rubuta ƙanensa Ilu. Aka tafi da shi ɗaukar kaya. Bai dawo ba.

Shi ya sa da aka fara ba mata ƙuri'a, matan unguwa suka kulle ɗakuna don tsoron rubuta suna, Baba da sandarsa ya tasa ni gaba. "Tashi, Hansatu," ya ce. "In kin ɓuya ba fasawa za su yi ba. Ba da ke dai za a yi ba."

Zaɓen da ya wuce na je rumfar zaɓe a makarantar firamare da hantsi. Awaki sun fi mutane. Da Baba yana raye, me zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba, don na yanzu ba tsoro ya hana su ba, gajiya ce. An yi alkawarin rijiya, an yi na taki, aka tashi da sabulu da taliya. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya.

Da zan fita, ɗana Sale da hauya a kafaɗa ya ce mini, "Inna, wanda za su ɗora sun riga sun ɗora. Gero kuwa ba ya jira." Maganar da Baba ya ba ni, na kasa miƙa ta ga ɗan cikina, kuma laifin ba na Sale kaɗai ba ne.

Malamar zaɓe ta duba bayana ta ce, "Hajiya, ina mutanen gidanki?"

Na ce suna gona. Gida mai katin zaɓe tara.

Allah Ya jiƙan Baba. Gonarsa an raba, sandarsa gara ta ci. Abin da ya rage nasa shi ne babban yatsan tsohuwa guda mai dangwala ƙuri'a, shi ma ya fara rawa.