Bayan Inna Asama'u

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Tottenham ya san takun Inna Asama'u Jalo. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗora ruwan shayi, ta goge farin takalminta na aiki, ta ninke zani guda ta cusa a jaka, sannan ta sauko tana mita da matakala kamar ita ta sa mata ciwon gwiwa. In ta iso ƙofar ɗakina sai ta ƙwanƙwasa. "Abdulƙadir, ka tashi, ko sai an aiko da mai tashinka daga Kano?" Daga nan sai jirgin ƙasa, sai bas, har can yammacin Landan, gidan jinyar ƙananan yara inda take aikin mataimakiyar nas tun shekarar da mijinta ya rasu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Yola. Ita so take ta sulale shiru, ni kuwa na ƙi.

Yaƙin Vietnam ni a falonta na san shi. Duk Lahadi ɗalibai kan cika gidan, wai gaisuwa suka zo, alhali ƙamshin miyar kuka ne ya kawo su. Ana buɗe talabijin sai gardama ta tashi. Lawal, wanda ke karatun lauya, ya riƙe wa 'yan gurguzu wuta, yana lissafo yadda Amurka ta fara da tura masu ba da shawara, ta koma jibge sojoji dubu ɗaruruwa, ta yi ta ruwan bama-bamai a kan ƙauyuka da gonakin shinkafa, ƙarshe ta kwashe yaranta ta bar 'yan Kudu da wutar. Wani ya ce ai da ba ta shiga ba da gurguzu ya cinye yankin kaf. Inna ba ta taɓa sa musu baki ba. In an nuno mace tana gudu da yaro a hannu, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Wayyo, ina za ta kai shi?" Shi ke nan siyasarta.

A watan Afrilun 1975, ana gab da karɓe Saigon, aka kwaso marayu a jirgi aka kawo Ingila. Waɗanda jikinsu ya fi lalacewa aka rarraba su gidajen jinya, uku suka faɗo wajen su Inna. Cikinsu akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara biyu ba, an ɗaura mata suna a wuyan hannu: Lan. Ba wanda ya san uwarta. Saboda launin gashinta wasu suka ce ubanta sojan Amurka ne, wannan kuwa Allah ne masani.

Abin da ya biyo baya daga bakin Sista Juliana Katung na ji shi, nas ce 'yar Kafanchan da suke aiki ɗaki ɗaya da Inna, kuma ba mace ce mai ƙarin gishiri ba. Ta ce sauran biyun suka kama cin abinci, Lan ta ƙi. Ba ta kuka, ba ta wasa. In ka tunkaro ta da cokali sai ta datse haƙora ta kau da kai. Ga gidan a ƙarƙashin hanyar jirage yake, duk jirgin da ya wuce sai ta ƙanƙame jiki ta cusa kai a kusurwar gado, ta daɗe a haka tana rawar ɗari. Aka sa mata robar abinci ta hanci, ta fizge. Aka mayar, ta sake fizgewa. Likita ya kira su gefe ya ce yarinyar tana ƙarewa, in ba ta fara ci da bakinta ba, kada su sa rai za ta ga ƙarshen wata.

Dokar gidan ita ce yaro a gadonsa yake, a ɗauke shi a ba shi abinci, a mayar. Inna ba ta yi satar hanya ba. Ta je ofishin Metiron, shugabar nas-nas, wata Baturiya mai tsare gida, ta shimfiɗa mata zani a kan tebur ta ce a ba ta izini ta goya yarinyar.

"Ki ɗaure ta a bayanki da wannan ƙyallen?" in ji Metiron. "In ta faɗo fa? Daga ni har ke mun bar aiki."

"Ranki ya daɗe, ni a baya na girma, uwata ma haka. Ban taɓa jin wadda ta yar da ɗa ba."

Metiron ta leƙa gadon Lan ta gilashi. Sannan ta tashi da kanta ta ɗago yarinyar, Inna ta sunkuya, aka ɗora mata. Ta ja zanin ta soke a ƙirji, ta kawo tawul ta yi majayi da shi, ta miƙe ta ci gaba da aikinta. Ta gyara gadaje, ta kwashe kwanuka, ta wanke kwalaben madara, Lan na manne a bayanta kamar ba kowa. Jirgi ya wuce. Juliana ta ce ta ga yatsun yarinyar sun damƙi rigar Inna, Inna ta ɗan jijjiga ta tana bubbuga mata ɗuwawu, ba ta ko juyo ba. Kafin ƙarar ta ɓace yatsun sun saki.

Da aka tashi shan shayin hantsi, Inna ta zauna a bakin benci da goyonta, ta tsoma burodi a shayi tana ci. Kowa ya san yadda matanmu ke yi in suna ci da ɗa a baya: hannu ne kawai ke zagayawa ta ƙarƙashin hammata, a miƙa masa ɗan abin da ake ci, ana ci gaba da hira. Inna ta rantse mini ba dabara ta yi ba, hannunta ne ya yi abin da ya saba. Tana ba Juliana labarin tsadar doya a Peckham, sai ta ji an karɓe burodin.

"Juliana," ta ce a hankali, "kar ki kalle ta. Ci gaba da magana."

Juliana ta ci gaba da zancen doya, hawaye na zubo mata. Yarinyar da ta ƙi duk wanda ya fuskance ta da cokali, ga ta tana tauna a bayan mutum, inda ba ido a kanta.

Inna, ke ce kika wuni da 'yar mutane a baya wata da watanni, ga gwiwa na ciwo, kina dawowa gida kina jan ƙafa. Mun gani. Ke ce kika ƙi hutun Lahadi, har ɗalibai suka yi ta ƙorafin an bar su da yunwa. Shekarar ce kuɗin mai suka buɗe a gida, ana ta gina asibitoci ana neman ma'aikata ido rufe. Ƙanenki Maharazu ya zo sayayya Landan da albishir ɗin an samar miki gurbi, har da gida da mota. A gabana ya ce, "Yaya, na yi miki booking, jirgin Asabar. Wannan 'yar ba danginmu ba ce, ba addininmu ba." Kika ce, "Maharazu, a yi cancel. Bayana ta sani, ba dangina ba." Gurbin ya wuce, wata aka ba.

Amma abin da ya fi girma a idona shi ne wanda ya zo daga baya. Lan ta yi ƙiba, ta fara tafiya, har tana dariya. Wasu mata da miji daga Croydon suka nemi su ɗauke ta riƙo. Inna ba ta da takardun da za a ba ta yarinyar, ta kuma san in ta bar ta ta saba da bayanta kaɗai, ba gidan da za ta iya zama. Sai ta kama matar, Misis Hadley, ta koya mata goyo. An sha dariya, don da farko da matashin kai aka gwada, ya yi ta faɗowa. Da hannun matar ya faɗa, Inna ta kwance zanin da Lan ta saba da ƙamshinsa ta ba ta. Matar ta roƙe ta ta riƙa zuwa. Inna ta ce a'a, a bar yarinya ta san uwa ɗaya. Ranar da aka tafi da yarinyar, Inna ta dawo gida ba ta dafa komai ba, kuma ban taɓa jin ta ambaci sunan Lan ba sai bana.

Asabar ɗin da ta wuce muka yi mata walimar ban kwana. Juliana ta gayyato Misis Hadley ba tare da ta gaya wa kowa ba. Sai ga su da yarinya 'yar shekara shida, da jar riga da kitso biyu, tana ta zuba Turanci. Inna ta miƙe, ta buɗe hannu. Lan ta dube ta kamar yadda yaro ke duban baƙuwa, ta gaishe ta da ladabi, ta koma ta riƙe siket ɗin uwarta. Na ga fuskar Inna, kuma ba na so in sake ganin irinta.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Haka ake so. Ku zauna a ci abinci."

Ta juya ta durƙusa gaban tukunya tana kwasar tuwo. Yarinyar ta tsaya tana kallonta. Can sai ta saki siket ɗin, ta taka a hankali ta ratsa mutane, ta je ta kwantar da kumatunta a tsakanin kafaɗun Inna, ta zagayo da hannuwa. Inna ba ta juyo ba. Ta gutsuri tuwo, ta dangwali miya, ta miƙa ta ƙarƙashin hammata. Aka karɓa. Lawal, mai bakin da ba ya mutuwa, ya tashi ya fita waje yana share ido.

Mun gode, Inna, uwar goyo. Allah ya saka miki da alheri, ya sauke ki Yola lafiya, ya ba gwiwar nan sauƙi.

Mu da muka rage kuwa, yaƙin da muka yi ta gardamarsa a kan tuwonta bai gama zubo da mutane ba. Ga su nan ana tsamo su daga jiragen ruwa ana kawowa ƙasar nan, da tsofaffi da jarirai, ba su san kowa ba. Juliana na neman masu taimako ranar Asabar, maza da mata. Inna ta bar mata zannuwa a cikin kwali, wankakku, a ninke. Saura bayan da za a ɗaura su.