Allin Gwiwar Maigida

Maigidana bai iya rawa ba. Ko a bikinmu tsayawa ya yi ƙiƙam kamar turken awaki. Sai ga zamanin soja, aka ce kowane ma'aikaci sai ya yi animasiyo, wato rawa da waƙar yabon shugaba. Shi kuwa akawu ne a wani buro, wato ofis, a Sokodé, furfura har a gira.

Ana cikin gwajin rawar gwiwarsa ta kumbura suntum, ko wando ya goge ta sai ya yi ƙara. Ni na fara cewa lambo ne, don na san halin kayana. Shef ɗinsa, wato shugabansu na ofis, ma haka ya ce, amma shi ba da wasa ba: wanda ya ƙi rawa ɗan adawa ne, ɗan adawa kuwa kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Ga mu da yara, ba gona, ba shanu.

Likita ya zuƙo ruwan gwiwar da allura, ya leƙa ta madubinsa mai ƙara girman abu, ya ce alli ne. Wai abin nan da ke ƙarfafa ƙashi, idan shekaru sun ja, yakan taru a guringuntsi sannu-sannu kamar farin da ke kama gindin tukunyar shayi, har ya zama ƙwayoyi masu kaifi. Ran da suka ɓantare suka faɗa ruwan gaɓa, jiki ya tasar musu da faɗa, sai kumburi. Na ce mutumin da ko tsinke bai taɓa tarawa ba, ashe tsakuwa yake tara mana.

Shef ya ce shi idonsa ba ya ganin alli. Aka cilla mu Dapaong can arewa da aiki, da gargaɗin cewa daga wannan babu wata dama.

Ranar taron animasiyo a can ciwon ya dawo. Ya ɗaure gwiwar da ɗankwalina a ƙarƙashin wando, ya shiga layi da tsakar rana. Ya yi ta tsalle yana murmushi, don har murmushin akwai masu dubawa. Da niyyar dariya na je, amma tausayinsa ya kama ni. Aiki dai ya tsira.

A hanyar gida ya dafa kafaɗata, nauyinsa duk a kaina, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa, “Yaran sun gani?”

Na ce, “Ba su zo ba, Malam.”

Suna biye da mu a baya, babbar tana riƙe da hularsa.