Sunan da Matata Ta Ƙi Faɗa wa Waya

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili in tona wa kaina asiri, ko wani mai haɗa kayan tafiya ya amfana.

Lokacin da abin ya faru ni malamin Turanci ne, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a wata sakandare a Ƙanƙara, asalina kuma Mairuwa ta ƙasar Faskari. Ina cikin malaman nan da ba su rabuwa da jan biro. Ko katin biki aka miƙo mini sai na gyara masa waƙafi kafin in duba ranar ɗaurin auren. A ganina na wancan lokaci, rabin wahalar duniya rashin iya magana ne, ni kuwa na iya, har da ta Bature. Da Allah ya ba ni gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa ta tsakiyar Turai, na ce tare da matata zan tafi. 'Yar Damari ce ta ƙasar Sabuwa, tana da cikin fari wata biyar. Hajiya mahaifiyata ta ce ba a yin haka, haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yin ta, a hannun waɗanda suka san kan abin. Na ba ta amsa cikin ladabi, amma amsa irin ta malaman boko, cewa can akwai asibitin da ya fi namu, kuma akwai waya. Ta dube ni ta ce to, Allah ya sa wayar ta iya wankan jego.

Ba mu cika mako ba na gane Turancin da na tara iyakarsa ƙofar jami'a. A kasuwa, a cikin bas, a wurin sayen magani, harshensu suke yi, wani harshe mai dogayen kalmomi kamar an ɗinke guda uku wuri ɗaya. Sai na koma ga manhajar fassara da ke cikin wayata. Ka yi mata Hausa ta juya zuwa harshensu, su yi nasu ta juyo maka Hausa, ka haska mata takarda ta karanta. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ɗauke ta kamar sabuwar ɗaliba, na riƙa yi mata jarrabawa ina ba ta maki a zuci. Hausar Kano ta koya, in na ce ɗiya takan ɗan yi jim, amma tana ganewa. Ran da ta hana ni sayen man alade ina tsammanin man shanu ne, ran nan na ba ta amana gaba ɗaya.

A wani ɗan shago da 'yan Afirka ke sayen kayan miya muka haɗu da wata dattijuwa. Ta ji muna gardamar farashin busasshiyar kuɓewa, ta juyo ta ce kai, waɗanne Katsinawa ne suka ɓato har nan. Mutuniyar wajen Mabai ce, daga gidajen Maguzawan da suka shiga addinin Kirista, ta fi shekara ashirin a ƙasar tana aikin kula da tsofaffi, harshensu kuma a bakinta kamar ruwa. Nan take matata ta sa mata Inna, suka tsaya gaisuwa har mai shagon ya gaji. Ta ba mu lambarta ta ce in haihuwa ta zo a kira ta. Na karɓa na yi godiya, amma ban kira ba. Dalilin da na ba matata shi ne, matar ta san kasuwar Ƙanƙara da mutanen cikinta, duk abin da ta gani a ɗakinmu zai riga mu isa gida. Dalilin da ban faɗa ba shi ne girman kai: ban ga yadda mai digiri a Turanci zai nemi tafinta wurin wadda ba ta gama firamare ba. Haka da aka ba ni fom a asibiti ana tambaya ko muna bukatar tafinta, na danna biro a kan a'a, har da ƙawata alamar.

Allah ya sauki matata lafiya, muka samu ɗiya. Na sa mata sunan mahaifiyata, aka yanka rago a Mairuwa, mu kuma muka ci gaba da kiranta Hajiya kamar yadda ake yi. To a ƙasar akwai wani tsari mai kyau: wata nas takan riƙa zuwa gida duk mako ta duba jariri da uwarsa. Tamu dattijuwa ce mai furfura, mai tsabta da tsare gida, Turancinta bai fi na ɗan aji ɗaya ba. Ranar farko ta ajiye wayata a kan tebur tsakaninta da matata, ta ɗaga mini tafin hannu alamar ni in yi shiru, da uwar take son magana. Na koma gefe inda nake hango allon wayar, na zauna zaman mai sa ido a ɗakin jarrabawa.

A nan ne fa abin ya fara, a gaban idona, ina gyaɗa kai. Duk Bahaushen da ya tashi a karkara ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ga shi kuma sunan na surukarta ne, kunya ta zama biyu. Da nas ta ƙwanƙwasa ƙofa, matata takan sauke jaririyar daga cinyarta ta kwantar, ta koma can ƙarshen kujera. Nas ta ce yarinyar kyakkyawa ce, matata ta ce wace, wannan mummunar mai ƙaton kai. Nas ta tambaye ta yadda take ji game da ɗiyarta, matata ta ce ai ba tata ba ce, ta kakarta ce, ana yaye ta za a aika ta Mairuwa kowa ya huta. Nas ta nemi ta shayar da ita don ta ga yadda take kama nono, matata ta ce ba yanzu ba. Sai nas ta ajiye biro ta tambaye ta sunan yarinyar. Ta san sunan, yana rubuce a takardar da ke hannunta, daga bakin uwar take son ji. Matata ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce ta tambayi babanta.

Ni kuma me nake yi? Duba fassara nake yi. In matata ta yi magana sai in juya abin da wayar ta rubuta zuwa Turanci in gani ko ta yi daidai. Wallahi daidai take yi, kalma ba ta faɗuwa. Mummuna ta fito mummuna, ba tawa ba ce ta fito ba tawa ba ce. Na ji daɗi sau biyu, ga ɗalibata ta ci jarrabawa, ga matata ta nuna wa Turawa tarbiyyar Damari. Na ga nas tana yawan rubutu, na ɗauka ƙwazon aiki ne. Mako huɗu ana haka. Abin da nas ba ta taɓa gani ba shi ne abin da nakan tarar in na dawo daga aji da hantsi ba zato: tun daga matakala nake jiyo matata tana yi wa Hajiya kirari da waƙa, tana kiranta uwar masu gida, da ta ji motsin mabuɗi sai ta yi gum.

A mako na biyar takarda ta zo daga ofishin kare yara. Na haska mata waya, ta karanto mini cikin Hausarta mai sanyi. An lura uwar ba ta shaƙu da jaririyar ba, tana nesanta kanta da ita, tana aibata ta, ba ta ambaton sunanta, ta kuma bayyana niyyar rabuwa da ita. An lura kuma mijin yana zaune yana tsare duk wata magana. Ana gayyatar mu zama nan da kwana huɗu, inda za a duba ko ya kamata a mayar da yarinyar hannun wasu masu riƙo na ɗan lokaci. Na karanta sau uku ina neman kuskuren fassara. Karo na farko ke nan a rayuwata da na nemi kuskure da zuciya ɗaya na rasa.

Halin malami bai bar ni ba. Na zauna na rubuta bayani shafi uku a kan al'adar Hausawa, da gabatarwa da kammalawa, na sa waya ta juya, na kai ofishin da kaina. Matar da ta karɓa ta karanta, ta yi mini tambaya ɗaya ta cikin wayar: me ya sa ni na rubuta, ba uwar ba? Na dawo gida. Matata tana rungume da Hajiya, wannan karon ba ta sauke ta ba ko da na shigo. Ta ce Malam, shekara goma sha ɗaya kana koya wa 'ya'yan mutane magana, yau ga taka ɗiyar za a ɗauke saboda magana, ka kira Inna ko ka ba ni wayar in kira. Ban taɓa jin ta yi mini magana da wannan murya ba. Na kira.

Inna ta ɗauka ta ce a'a, Malam mai Turanci, lafiya aka tuna da mu, ko wayar ce ta yi zazzaɓi? Da na karanta mata takardar sai dariyar ta ɗauke. Ta tambaye ni ko ina wurin lokacin da ake waɗannan tambayoyi. Na ce ina nan. Ta ce kana me? Na ce ina duba fassara. Ta ce Allah ya kyauta, shi ke nan abin da ta ce.

Ranar zaman mata uku muka tarar a bakin tebur, har da nas ɗinmu. Abu na farko da Inna ta yi shi ne ta kife wayata a kan tebur, na biyu ta ce in fita in jira a waje, a nan babu aikin maza. Na yi awa ɗaya da rabi a kan benci ina kallon wata taswira da ban iya karantawa ba. Abin da ya gudana a ciki daga bakin Inna na ji daga baya. Ta ce ba ta fara da fassara ba, da labarin kanta ta fara. Ta gaya musu ita ma ɗiyar fari ce, uwarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunanta ba, sai dai ke, ko waccan. Amma shekarar da ƙyanda ta kama ta, uwar nan ce ta goya ta a ƙafa tun daga ƙauyensu har asibitin Ƙanƙara. Ta ce musu a wurinmu ɗan da aka fi so shi ake ɓoye son sa, a kushe shi a gaban baƙo don kada baki ya kama shi, kakar da ake cewa za a ba wa kuwa girmamawa ce ga uwar miji. Sannan ta ce su daina tambayar yarinyar nan ko tana son ɗiyarta, ba za ta amsa ba ko za a kwana, su tambaye ta abin da ɗiyar ta yi jiya.

Suka tambaya. Inna ta ce kamar an buɗe famfo. Sau nawa ta sha nono, wane ɓangare ta fi so, kukan yunwa da kukan zafi yadda suka bambanta, ɗan baƙin tabon da ke bayan kunnenta na hagu, ƙurjin da ya fito mata a wuya ran Talata ya baje ran Alhamis. Nas ta tashi ta duba bayan kunnen, ta ga tabon da ita kanta ba ta taɓa lura da shi ba. Ana cikin haka Hajiya ta farka da kuka, da yake babu namiji a ɗakin kuma ga Inna a kusa kamar uwa, matata ta manta da kowa ta ɗauke ta tana lallashi da kirarin nan nata. Inna ta ce wannan ba ta fassara musu ba, babu bukata.

Ba a ɗauke mana ɗiya ba. An ce nas za ta ci gaba da zuwa wata uku, da sharaɗin Inna na nan ni kuma ba na nan. A ƙarshe babbarsu ta sake gwadawa, ta ce to yanzu uwar za ta faɗi sunan? Matata ta sunkuyar da kai ta ce a tambayi babanta. Wannan karon dariya suka yi. Abin da ya fi ba ni mamaki, daga ranar nas ɗin ba ta ƙara kiran sunan a gaban matata ba. Takan shigo ta tambayi Hajiya, da wani irin lafazi da har yau muke kwaikwaya.

Na daɗe ina juya abin nan a raina, don har yanzu yana ba ni sha'awa. Wayar ba ta yi ƙarya ba, nas ba ta yi zalunci ba, matata ba ta yi laifi ba. Mutum ɗaya ne a ɗakin ya san abin da matata take nufi, ya kuma isa ya hango abin da baƙuwar take ji, shi ne ya zauna yana ba na'ura maki. Na'ura tana kai abin da aka faɗa. Mu kuwa rabin zancenmu a cikin abin da muka ƙi faɗa yake, wannan sai wanda aka goya da irin zanin da aka goya ka. Don haka ɗan'uwa mai shirin tafiya, riƙe wayarka don sayen man shanu da neman hanyar tasha. Amma in maganar ta shafi lafiya, ko 'ya'ya, ko hukuma, aka tambaye ka ko kana son tafinta, ka ce e, ko digirinka nawa. In ka ji Hausa a bakin wani a can, kada ka tsaya auna karatunsa ko addininsa, karɓi lambar ka kuma kira.

Mun dawo gida, na koma aji, Hajiya tana shekara huɗu yanzu. Kwanan baya na ji ta tsare uwarta a tsakar gida tana tambaya me ya sa kowa ke faɗin sunanta na gaskiya ban da ita. Uwar ta ci gaba da tankaɗe ta ce ta je ta tambayi babanta. Ta zo ta tsaya a gabana. Wayar tana aljihuna, na bar ta a can, na ɗora Hajiya a cinya na ce zauna, bari in ba ki labarin wata Inna 'yar Mabai.