Dutsen Taimamar Umma

Ranar wata Laraba cikin watan Mayun 1988 na ga dutsen da ya fi gidajen unguwarmu ta Camberwell tsawo, ina da shekara goma sha ɗaya. Bas ɗin makarantarmu ta kwashe mu daga Landan zuwa yankin tafkuna na arewacin Ingila, muka sauka cikin wani kwari mai faɗi kamar an kwashe tuwo da mara. Malamarmu, wata doguwar Baturiya mai jan hanci, ta ce ƙanƙara ce ta yi wannan aiki. Wai a can da, kogin ƙanƙara ne ya riƙa jan ciki a nan, yana ɓantarar duwatsu, yana kankare ƙasa da su, da ya narke sai ya bar tafki a gurbinsa. Ni da ban san wata ƙanƙara ba sai wadda nake kankarewa a firjinmu duk Asabar, sai na riƙe baki.

Amma hankalina yana gida. Sanyin ƙasar nan ya farfasa hannuwan Umma har suna jini, likita ya hana ta yawan taɓa ruwa, don haka taimama take yi. A flat ɗinmu kuwa, hawa na shida a wani dogon bene, ina ƙasa? Wani guntun bulo Baba ya tsinto mata a titi, ita kuma kullum cikin kokwanto take, tana ce masa, "Malam, garin da kare ya fi akuya yawa, ka tabbata bulon nan?" Ni ke yi mata wanke-wanke da shara, ni ke ganin yadda take jujjuya shi kafin ta ɗora hannu.

Da muka hau tudun, hanyar ta zama kamar gyambo a jikinsa. Masu yawon buɗe ido sun tattake ciyawa, kowa na kauce wa taɓo yana ƙara faɗin wurin, ruwan sama kuma ya bi sawunsu ya haƙa kwazazzabo. A gefe na ga wani dutse shuɗi-shuɗi, daidai tafin hannu biyu, da zane-zane a jikinsa kamar an ja farce. Malama ta ce sawun ƙanƙarar ne. Na ce a raina, wanda ƙanƙara ta wanke ai ya gama tsarki. Ga shi mu ba ma komawa gida ba tsaraba.

A bakin bas Malama ta sa kowa ya zazzage aljihu. Ta ce in duk mai zuwa ya ɗauki dutse ɗaya, me za a bar wa na baya? Yara suka yi ta zubarwa. Nawa yana cikin kwanon abincina, ƙarƙashin ragowar dambu. Ta dube ni ta tambaya, na dube ta na ce babu.

Umma ta shafa shi ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Binta." Tun daga ranar na rasa sukuni. Duk sanda ta ɗora hannu a kansa sai in tambayi kaina: sallar da aka yi da dutsen sata, a kan ƙarya kuma, tana karɓuwa? Shekara takwas ina ɗauke da wannan, har na bar makaranta na zauna jinyarta. Wata rana da hantsi ina yi mata kitso, na faɗa mata. Ta ce, "Ita ƙanƙarar da ta jawo shi, wa ta tambaya?" Muka yi dariya. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ƙaryar taki ce. In na gama da shi, ki mayar musu da abinsu."

Ta gama da shi a shekarar da ta biyo, da Allah ya yi mata rasuwa. Ni ba mai fita ba ce, kasuwar Woolwich ma sai dole, amma na shiga jirgin ƙasa na koma. Na tarar an shimfiɗa matakala ta duwatsu a kan gyambon, mutane na hawa kamar ranar kasuwa, inda na tsince shi kuwa ban gane ba. Da na fito da shi, na ga zanen nan ya dushe, wurin ya yi sumul. Hannun mace ɗaya ne ya yi haka, a hankali, ba da nufin ɓarna ba. Sai a lokacin na fahimci maganar Malama.

Na ajiye shi cikin ciyawa, nesa da sawu. Yanzu jikokina a waya suke nuna mini tudun, ni kuma ina ta duban gefen hanya. Har yau ban sani ba ko wani ya sake yin tsaraba da shi.